Buhu Uku, Gilas Uku

Litinin 3 ga Yuni 1985, ƙarfe sha ɗaya na safe

Azumi sha huɗu. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun ƙarfe takwas, na jiƙa tawul na lulluɓe firiji kamar mai masassara. Wannan kaye littafin rubuta aikin labo ne, ɗakin gwajinmu, amma tunda mai gidan aikinmu, Dokta Dauda, ba ya duba komi sai jaridar Faransa, zan riƙa rubuta abin da na ga dama a shafukan baya.

Jibo masunci ya zo daga Saga, can bakin gulbi, da minjirya ɗaya, kifin nan mai girgiza mutum. Shekara biyu ke nan yana kawo mini, kullum da ranta cikin bokiti, yana tsokanata wai in sa hannu mu gaisa da ita in ni ɗiyar Damagaram ce ta gaske. Yau a hannu ya riƙo ta cikin tsumma, matacciya.

Na kira shi da sunan masunci da Zabarmanci, na ce, “Sorko, yau ina bokitin?”

Ya ce, “Madam Zeinabou, gulbi ya tafi, sai ramuka suka rage. Wannan ma Irkoy, Allah, shi ne ya ba ni.”

Bai zauna ba, bai tsokane ni ba. Na ɗauka azumi ne ya riƙe shi.

Innata a Zinder har gobe gaya wa mutane take ɗiyarta likita ce. Da ta san aikina liƙa naman kifi ne a jikin gilas, da ta yi kuka. A cikin naman da minjirya ke girgiza mutum da shi akwai wani abu da muke kira anzim. Maganin ƙwari yana kashe shi nan take, shi ya sa yake kashe mutum ma, don irinsa ne a jijiyoyinmu. Mu kuma sai mu ɗaure shi a kan ɗan gilas mai faɗin farce biyu, ya zame mana mai gadi. A wanke gilas da asid, a tsoma shi cikin ruwan silan don ya sami wurin kamawa, sannan cikin gluta, wadda ƙugiya ce mai baki biyu, ɗaya ya kama gilas, ɗaya ya kama anzim. In ya kamu, ko an wanke sau goma ba ya saki. Sai a ɗiga masa ruwan da aka wanke hatsi, a jira, a bi da ruwan gwaji. In gilas ya yi ruwan ɗorawa, hatsi lafiya lau. In ya tsaya fari, akwai guba.

Talata 4 ga Yuni, bayan la'asar

Gilas uku kaɗai suka fito. Silan ta ƙare ƙaf, an ce wata tana tashar jirgin ruwa a Kwatano tun watan Maris. Da azumi ba na zuƙar pipet, bututun awon ruwa, da baki, robar zuƙa kuma ta tsage, rabin ruwan kifin ya malale a tebur. Na zagi robar, na zagi wanda ya sayo ta, na yi istigfari.

Akwai dokar da Dokta ya rubuta da jan alƙalamin bik ya manna a bango: kowane sabon zubi, gilas ɗaya na shaida ne. Ruwa mai tsabta kawai ake ɗiga masa. In bai yi ɗorawa ba, zubin duka matacce ne, a zubar. Dalili kuwa, gilas da aka haifa matacce da wanda guba ta kashe kamarsu ɗaya, fari fat. Gobe da safe zan gwada shaidar, biyu su rage.

Laraba 5 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Soji sun riga ni zuwa labo. Landiroba a ƙofa, soja uku kowane da buhu a kafaɗa, da wani kapiten siriri mai ƙamshin turare. Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba.

Yara biyar sun mutu cikin kwana huɗu a zangon masu gudun yunwa da ke bakin gulbi, ƙasan Saga. Miyau na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, jiki na karkarwa. Hatsin da ake dama musu kunu an sayo shi ne wajen wani mai awo a kasuwar unguwar Kalley. Dokta ya tuna yana da taro, ya fice ta ƙofar baya.

“Madam, an ce kuna da gilas mai ganin guba.”

“Muna da shi, mon kapiten, sai dai...”

“Nawa?”

“Uku.”

“Buhu uku, gilas uku. Allah ya daidaita mana. Ina jira.”

Ya zauna a kujerata, ya ciro ƙaramar bindigarsa ya ɗora kan kayen nan don tana damun ƙugunsa.

Na yi. Fari, fari, fari. Na rubuta rapor, takardar sakamako, na sa hannu, na buga hatimi. Ya ce da ƙasar nan na da mata goma irina da tuni ta wuce nan. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, maganar ta yi mini daɗi, har na tsallaka gulbi zuwa gida a Kirkissoye ina maimaita ta.

Alhamis 6 ga Yuni, bayan azahar

Sojin sun zo sun ɗauke ni zuwa Kalley wai in nuna musu yadda za a rufe sauran buhunan kada kowa ya taɓa. Ban fito daga motar ba.

Mai awon sunansa Malam Sanusi, mutumin Maraɗi, tsoho mai farin gemu. Yana zaune a bakin rumfarsa da tiya a hannu yana auna wa wata mata. Da ya ga kaki ya miƙe yana gaisuwa, har da cewa a kawo wa baƙi benci. Gindin bindiga ne ya amsa masa, a baki. Ya faɗi kan buhu, suka bi shi da takalmi, a ciki, a haƙarƙari, a wuya. Hularsa ta gangaro har ƙarƙashin motar da nake ciki.

Yana ta cewa, “Mi na yi? Ɗiyana, mi na yi?”

Kapiten bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Tunda hatsinka mai kyau ne, ci.”

“Ina azumi, ranka shi daɗe.”

Biyu suka danne shi, ɗaya ya buɗe bakin da bakin wuƙa, ya cika tiyar da ɗanyen hatsi ya ɗura masa. Yana tari, hatsi da jini na fitowa ta hanci. Suka sake cika tiyar. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komi sai wata akuya. Daga can baya wani ya ce “mai kashe yara”, wani ya ɗauka, sai duwatsu. Soji ba su hana ba sai da dutse ya sami gilashin motarsu.

Suka jefa shi baya, dab da ƙafata. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya ce, “Ɗiyata, janye zanenki, kar in ɓata miki.”

Na janye.

Juma'a 7 ga Yuni, ƙarfe ɗaya da rabi

An faɗa a rediyo, da Faransanci da Zabarmanci da Hausa. “Binciken kimiyya ya tabbatar.” Ba su faɗi sunana ba. Maƙwabciyata ta ce Allah ya tsine wa tsohon, ta tambaye ni ko ba haka ba. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar 8 ga Yuni, hantsi

Sun ƙone hatsin. Buhu arba'in da ɗaya, a filin da ke bayan zangon, gaban mutanen da suka taho a ƙafa daga arewa don ba su da ko tiya guda. Aka zuba esansi, man mota, aka ƙyasta. Ni aka tsayar gefen kapiten, ni ce shaidar kimiyya.

Hatsi in yana ƙonewa ƙamshin tumu yake. Mata suka fara matsowa. Wata Buzuwa ta kutsa ta jawo buhun da bai kama sosai ba, soja ya zabga mata ɗamara a fuska, ƙarfen ya tsaga mata kunci, ba ta saki ba. Sai da ya taka mata yatsu. Daga nan kowa ya ruga, soji suka shiga cikinsu da duka, aka harba sama sau uku. Wani dattijo ya cika aljihun rigarsa da hatsi mai wuta, rigar ta kama.

Kapiten ya ce mini, “Kin gani, Madam? Muna ceton su suna cizon mu.”

Na ce haka ne. Da bakina na ce haka ne.

Lahadi 9 ga Yuni, la'asar

Na wanke kwalaben labo duka, ko da yake wankakku ne.

Litinin 10 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Wasu yara biyu kuma sun mutu a zangon. Tun ranar Laraba shinkafar agaji ake dafa musu, ba wanda ya ƙara sa hatsin tsohon a baki.

Na cire takardar dokar shaida ta Dokta daga bango. Na mayar.

Talata 11 ga Yuni, bayan azahar

Wata mata ta yi sallama a gidana, babba, da mayafi har ƙasa da kwano a hannu. Jummai, matar Malam Sanusi. Ta ce shekara ashirin rabonta da fita da rana, yau ta tsallako gulbi a ƙafa, don ruwan bai kai idon sawu ba. Wata ƴar Damagaram a Kalley ce ta gaya mata akwai ɗiyar garinsu a Kirkissoye da ta san gwajin abinci.

Ta buɗe kwanon. Hatsi ne.

“Ɗiyata, wanga shi ne hatsin. Daga buhu guda Malam ka ɗebo muna na gida. Shi muka sha da asuba, shi jikokina ka sha. Ga mu nan ɗai da ranmu. Wani maƙiyin Allah ne ya rubuta takardar ƙarya. Ki duba muna, don darajar iyayenki.”

Na tambaye ta ko an bar ta ta gan shi. Ta ce sau ɗaya, ta taga. An rataye shi ta hannuwa kwana biyu, yanzu ba ya iya riƙe buta. Kuma wai ya amsa laifi. Ba dukan ne ya fi cin ta ba, a cewarta. Ce mata ya yi wataƙila da gaske ne, wataƙila ya sayo hatsin da aka zuba wa magani bai sani ba, in haka ne gara su kashe shi ya huta. Ko ruwan buɗa baki ba ya karɓa sai an tilasta masa.

Na karɓi kwanon. Ta yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa, ni kuwa ina cewa amin.

Laraba 12 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

To, bari in rubuta. Ban gwada shaidar ba. Uku gare ni, ya ce uku, bindiga na kan kayena, na ji tsoron in ce masa biyu kawai zan iya. Ba tsoro kaɗai ba ne. Na so ya ga na iya. Shekara shida ina wanke kwalabe Dokta na sa sunansa a takardu, ranar ce aka fara tambayata, ni.

Na gaya wa Dokta. Ya tashi ya rufe ƙofa da taga, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa.

“Ke mahaukaciya ce? Takarda ta hau sama. An faɗa a rediyo. An ƙone buhu arba'in. Kina so ki je ki ce wa soji sun yi kuskure?”

“Ni na yi kuskure, Dokta.”

“Wajensu duk ɗaya ne. Ni dai ban sa hannu ba, ban gani ba, ba na nan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.”

Na ce ai na san ba ya nan, na ga ƙeyarsa a ƙofar baya. Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya fasa, ya ɗauki jakarsa. Matsoracin banza. Ina zagin sa ina jin kunya, don ni ma da na ga bindigar bakina mutuwa ya yi.

Alhamis 13 ga Yuni, la'asar sakaliya

Na je Saga neman minjirya mai rai. Gonakin shinkafa sun tsattsage, gulbi ya zama rairayi da ramuka masu koren ruwa. Na sami Jibo a bakin babban ramin da ke ƙasan zango. Tun kafin in kai na ji warin, warin da na sani a labo. Ƙananan kifaye sun juya farin ciki sama, sun rufe gefen ruwan. A cikin kwalekwalensa da ke kife rabi a kan yashi na hango gwangwanin maganin fara. Can ɗaya gefen ramin, matan zango ne ke cika tulunansu.

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba, ni da ban kai kafaɗarsa ba.

“Minjiryar da ka kawo mini, da me ka kashe ta?”

Ya juya ya dubi gwangwanin.

“Da me, Jibo?”

“Kifi ya shige laka, Madam, taru ba ya kamawa. Ɗiya bakwai gare ni. Ba ni kaɗai ba ne, kowa na yi. Murfi biyu kawai nake zubawa.”

Ke nan gubar ta riga ta kashe anzim tun a jikin kifin. Na ɗaure gawa a gilas, na yi mata ƙugiya mai kyau, na kai ta ta ba da shaida a kan mutum. Na nuna masa matan da tulunansu, na ce ya ƙirga yaran da aka binne, bakwai ne, daidai da nasa. Ya zube a yashi ya kama ƙafata yana kuka yana rantsuwa bai sani ba, ya ɗauka maganin na kwanta ƙasa kafin safiya.

“In kin faɗi sunana sun kashe ni, Madam. Ki rufa mini asiri.”

Na ce ya binne gwangwanin, ya samo mini mai rai daga ramin da ba a taɓa ba, ni kuma ba zan faɗi sunansa ba. Na rantse masa da azumin da ke bakina.

Na zagaya na ce wa matan kada su sha ruwan nan. Wata ta ce, “To wanne za mu sha?”

Juma'a 14 ga Yuni, bayan masallaci

Jibo ya kawo minjirya mai rai, cikin bokiti, daga wani rami can sama. Da na zo kama ta tsumman ya zame, ta girgiza ni har gwiwar hannu, na buga kai da kabad. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin na yau ba. Na sa mata wuƙa a ƙeya tana motsi.

Ba silan. Na koma tsohuwar dabara: farin ƙwai kaɗan, ruwan kifi, ɗigon gluta, a gauraya da sauri a shafa siriri a gilas kafin ya daskare. Gluta na ɗinke anzim da farin ƙwan su zama fata guda mai kama gilas. Ba ta da kyan gani, amma tana riƙewa. Na sami takwas. Kuran bai dawo ba, na jera su cikin kwano na sa a randa.

Asabar 15 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Shaida, ruwa mai tsabta: ɗorawa.

Hatsin Jummai: ɗorawa. Na sake da wani gilas: ɗorawa.

Ruwan ramin ƙasan zango: fari.

Na zauna a ƙasa.

Lahadi 16 ga Yuni, azahar

An ce ranar Talata za a wuce da Malam Sanusi arewa, kason da ba a dawowa. Gilas huɗu suka rage. Na rubuta sabon rapor sau uku ina yagewa. Na rubuta wa Innata wasiƙa na ba maƙwabciya ta riƙe.

Litinin 17 ga Yuni, bayan la'asar

Da hagu nake rubutu.

Na je biron kapiten, ofishinsa, da kwanon gilasai da hatsi da kwalbar ruwan rami. Ya bar ni a tsaye awa biyu, sannan ya ce in shigo. Na yi gwajin a kan teburinsa, yana kallo. Ɗorawa ga shaida, ɗorawa ga hatsi, fari ga ruwan. Na ce a saki tsohon, a hana mutane ramin, a kai musu ruwa da mota.

Ya jawo rapor na farko ya ajiye kusa da na biyu.

“Wannan sa hannun wa?”

“Nawa.”

“Wannan fa?”

“Nawa.”

“To wacce ce maƙaryaciyar a cikinku?”

Na ce ta farko. Na gaya masa zancen shaida, na ce gilasan farko matattu ne, laifina ne ni kaɗai. Ya tambayi abin da ya kashe su. Na ce zafi, firiji ba wuta. Ya yi murmushi ya ce ai waɗannan ma ba su ga firiji ba, ga su da ransu. Mutumin ba wawa ba ne, da wawa ne da na ji sauƙi.

“Kifin ne ya zo da guba, ko ba haka ba? Wa ya kawo kifin?”

Na ce a kasuwa na saya.

Ya tattara gilasan da muka yi aiki da su a tsakiyar tebur. Ya kama hannuna na dama a hankali, kamar mai duba lalle, ya kifa tafin a kansu, ya ɗora nasa a sama. Ya danna. Na ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi an sa shi ya faɗa wa ƙasa ƙarya, an sa shi ya ƙone abinci a shekarar yunwa, dole ya kai wa na sama wani a madadin tsohon. In babu wani, tsohon zai tafi gobe, ni ma in bi shi. Ya murza.

Ban san minti nawa ba ne. Na san dai akwai agogo a bango kuma ban iya karanta shi ba.

Na faɗi sunan.

Ya ba ni hankicinsa in naɗe hannun, ya sa direba ya kawo ni gida.

Talata 18 ga Yuni, hantsi

Na cire ɓarɓashin gilas guda tara daga tafina da hantsaki. Akwai saura a ciki.

Laraba 19 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

An kai tankin ruwa zangon, an kafa soja a bakin ramin. Rediyo ta ce bincike mai zurfi ya gano wani ɓata-gari. Ba ta ambaci hatsi ba.

Mai kai madara daga Saga ta ba maƙwabciyata labari, ni ina ɗaki ina ji. Jiya da hantsi soji suka je wajen Jibo. Sun ɗaure shi da igiyar tarunsa a bayan mota, suka ja shi kan yashin gulbi daga ramin har bakin hanya, ƴaƴansa na bin motar. Sun fasa kwalekwalen da gatari. Ta ce da suka ɗaga shi bayansa ba fata. Ta ce yana ta kiran sunan wata, ba su gane ko wace ce ba.

Na ƙudura rama azumin ranar Litinin a zuciyata, ban san yadda ake rama rantsuwa ba.

Alhamis 20 ga Yuni, ranar Salla

Ban fita ba. Jummai ta aiko a gaya mini an sako Malam jiya da yamma, a cikin amalanke aka kawo shi, kuma yana son ganin ɗiyar da ta cece shi.

Juma'a 21 ga Yuni, bayan la'asar

Na je Kalley da hantsi. Ɗaki ne ƙarami, an kwantar da shi a tabarma, an lulluɓe shi da zane har ƙirji. Hannuwansa sun kumbura sun yi baƙi, an ɗora su a kan matashi. Ba ya gani sosai. Numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan sarƙa.

Jummai ta shimfiɗa mini buzun Malam, ta kawo ruwa da fura a kwanon sha ta ajiye gabana. Ta ga hannuna a naɗe, ta ce an gaya mata abin da na sha dominsu, ta fara hawaye. Ta duƙa kusa da kunnensa ta ce, “Malam, ga ta nan ta zo.”

Ya ce, “Ɗiyata, matso.”

Na matsa.

“Ki gaya mini don Allah, kar ki ji tausaina. Hatsina ne ya kashe ɗiyan mutane?”

“A'a, Baba. Hatsinka lafiya lau yake. Na gwada sau uku.”

“Ko ɗaya?”

“Ko ɗaya, Baba. Ruwa ne suka sha.”

Ya rufe ido, hawaye suka gangara cikin gemun. Ya ce in sake faɗa, na sake. Ya ce alhamdu lillahi, shekara talatin yana awo bai taɓa tauye tiya ba, yana tsoron ya je gaban Allah da yara bakwai a wuya. Ya ce wa Jummai ta ba shi furar hatsin nan. Rabonsa da neman abinci da bakinsa tun ranar da aka kama shi. Ta ba shi ludayi biyu, ya haɗiye ɗaya.

Da na tashi a lokacin, da shi ke nan. Har na fara gyara mayafi.

Sai ya ce, “To wa ya ce da guba a ciki? Ba don komi ba, ɗiyata. So nike in yafe mishi tun ina da numfashi, ban san sunanshi ba.”

Jummai na yi masa fifita tana duban bakina, ita ma tana jira.

Na ce, “Ni ce, Baba. Zeinabou. Ni na rubuta takardar farko. Ina cikin motar ranar da suka zo.”

Mafici ya tsaya. Malam ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Can ya ce, “Ke ce mai zanen.”

Na ce ni ce.

Leɓensa ya motsa, na kai kunne, ban ji abin da ya faɗa ba. Na ce ya sake, tari ya sarƙe shi. Jummai ta miƙo hannu ta gabana, ba ta dube ni ba, ta ɗauke kwanon ruwan da ta ajiye mini ta mayar bayanta.

Na fito. Ina bakin titi ina jiran taksi na ji kukan ya tashi daga gidan.